Kafin ka jingine tsohuwar kwamfutarka

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya rufe tallafin da yake bai wa Windows 10. Mai son ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro sai dai ya shiga shirin ƙarin wa'adi na shekara ɗaya, ko kuma ya koma Windows 11. Ita kuwa Windows 11 da sharuɗɗanta ta zo: dole na'urarka ta kasance da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, in kuma ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, galibi sai daga zubi na 8 zuwa sama. Wato kwamfutar da aka saya a 2016, wadda ke tashi lafiya lau, allonta garau, madannanta duk suna aiki, an yanke mata hukuncin tsufa daga wani ofishi da bai taɓa ganinta ba.

Wannan abu yana ci mini rai, jama'a. Kai ka sayi kayanka, amma wani ne zai faɗa maka ranar da za su daina amfani. Ga matsin lambar sai ka buɗe asusu a intanet kafin ka shiga na'urarka, ga tallace-tallace a inda kake neman manhajojinka. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da duk mai kwamfuta zai ɗauki maganar Linux, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ake iya sawa a madadin Windows, da muhimmanci.

Mutane da yawa suna jin sunan sai su zaci baƙin allo ne da ake ta buga wasu haruffa. Wancan zamani ya wuce. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa ta da GNU, aikin samar da manhajoji masu 'yanci da Richard Stallman ya soma tun 1983. Yau wayar Android da ke hannunka a kanta aka gina ta, kuma tun 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk ita suke amfani da ita. Kyauta ce, amma abin da ya fi burge ni shi ne rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake. Kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. In wani rukuni ya gaji ya bari, ko tafiyarsa ba ta yi wa wasu ba, wani ya ɗauka ya ci gaba, kamar yadda LibreOffice, manhajar aikin ofis irin su Word da Excel, ta fito daga OpenOffice a 2010.

Gwajin ma ba ya cin komai. Ka sauke ɗaya daga nau'o'in Linux, kamar Linux Mint ko Ubuntu, ka ɗora a kan filashi, ka tayar da kwamfutar daga filashin. Za ta buɗe maka cikakkiyar fuska ba tare da ta taɓa ko fayil ɗaya na cikin na'urarka ba. A nan za ka natsu ka bincika: Wi-Fi ya kama? Sauti na fita? Kyamara ta kunnu? Ka jona firintarka ka buga shafi ɗaya. Ka rufe murfin ka buɗe, ka ga ko ta farka daidai. In wani abu bai yi maka ba, ka zare filashin, Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Photoshop ba ya aiki kai tsaye a Linux, haka ma Word da Excel na kan na'ura. GIMP da Krita, manhajojin gyaran hoto da zane da ke aiki a Linux, suna da kyau, amma wanda hannunsa ya saba da kayan Adobe, kamfanin Photoshop, shekara da shekaru zai ji jiki. Takardar Word mai jadawali da yawa, in ka buɗe ta a LibreOffice, wani lokaci sai ka tarar layuka sun goce, shafi ya ƙaru. Wanda abincinsa ya rataya a kan irin waɗannan manhajoji, kada kowa ya zuga shi ya yi gaggawa. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, a 2017 kuma majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux.

Shawarata ita ce a fara daga manhajoji. Tun kana kan Windows ka sa burauzar Firefox da LibreOffice da VLC ta kunna bidiyo da sauti, waɗanda duk suna aiki a Linux ma, ka yi aikinka na kullum da su har hannunka ya faɗa. Sauran kuma akasarinsu a burauza muke yinsu: imel, kallo, taro, karatu. Idan ka saba, ranar sauyawa za ka tarar kayan aikinka duk ka san su. Amma don Allah, kafin ka danna maɓallin girkawa, ka kwafe hotunanka da takardunka a wani wuri dabam, ka buɗe su can ka tabbatar sun kwafu, domin zaɓin goge faifai gaba ɗaya yana share komai.