Kada littattafan yaran makarantun kwanan Kanada su bi su kabari

A watan Oktoban 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci cewa a shekarar 2027 za a lalata bayanan sirrin da 'yan asalin ƙasar kusan 38,000 suka bayar lokacin neman diyyar cin zarafin da aka yi musu a makarantun kwana, sai dai na wanda ya nemi a adana nasa. Ban ga laifin kotun ba. An yi wa mutanen alkawarin rufin asiri kafin su buɗe baki, kuma alkawari kaya ne. Sai dai hukuncin ya ƙara wa littattafan da 'yan asalin ƙasar suka rubuta nauyi, domin su ne shaidar da masu ita suka bayar da yardarsu, da sunansu a bango.

Yaran 'yan asalin ƙasar wajen 150,000 gwamnati ta raba da iyayensu ta damƙa wa makarantun da coci-coci ke gudanarwa, inda ake dukan yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Tun kafin Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, tun kafin hukumar gaskiya da sulhu da alƙali Murray Sinclair ya jagoranta ta fitar da rahotonta kan makarantun a 2015, marubutan nan sun riga sun faɗa. Basil Johnston ya ba da labarin makarantar garin Spanish a 1988. Isabelle Knockwood, 'yar ƙabilar Mi'kmaq, ta bi tsofaffin ɗaliban makarantar kwana ta Shubenacadie tana tattara abin da suka gani, littafinta ya fito a 1992.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Bev Sellars na 2013. A makarantar St. Joseph da ke Williams Lake da lamba ake kiran yara, ita ce lamba ɗaya. Mahaifiyarta ta yi makarantar, kakarta ma ta yi. Mata uku a gida ɗaya, kowacce ta shiga ƙofar nan tana ƙarama. Rahoton hukuma ba zai zaunar da mai karatu cikin wannan gidan ba.

Johnston ya rasu a 2015, Knockwood a 2020, Sinclair a 2024, sauran kuma shekaru sun ja. Ga masu musun abin da ya faru sun ƙara ƙaimi tun bayan batun wuraren da ake zaton kaburburan yara ne a tsohuwar makarantar kwana ta Kamloops a 2021. Sanya riga ruwan lemo kowace 30 ga Satumba don tunawa da yaran abu ne mai kyau, amma bai isa ba. Littafin da aka daina bugawa ba ya zuwa hannun ɗalibi. Gwamnatin da ta kashe kuɗi wajen raba yaran da harsunansu ita ya kamata ta biya kuɗin sake buga littattafan, da fassara su zuwa Cree da Ojibwe da Mi'kmaq, ta hannun maɗaba'un 'yan asalin ƙasar irin su Theytus Books, haƙƙin mallaka kuma ya zauna wurin marubutan da iyalansu.