Jaridun kyauta na Landan da haƙƙin masu raba su

Tun da aka fara buga jaridar Metro a birnin Stockholm na ƙasar Sweden a 1995, masu harkar jarida suka gane cewa ana iya bai wa fasinjan jirgin ƙasa jarida ba tare da ya biya ko sisi ba, a kuma ci riba, domin masu talla ne ke ɗaukar nauyin bugawa, kuma abin da suke biya dominsa shi ne yawan mutanen da jaridar za ta shiga hannunsu. Landan ta samu tata Metro a 1999, daga kamfanin da ke buga jaridar Daily Mail, ana zuba ta a akwatuna cikin tashoshi kowa ya ɗauka da safe.

A 2006 ne lamarin ya ɗauki zafi, lokacin da kamfanin attajirin kafafen yaɗa labarai Rupert Murdoch ya fito da jaridar kyauta mai suna thelondonpaper, kamfanin Daily Mail kuma ya mayar da martani da London Lite. Dukansu biyun da maraice ake raba su, kuma dogaronsu yana kan mutanen da aka jibge a bakin tashoshi, waɗanda ke tsayuwa cikin sanyi da ruwan sama suna miƙa wa jama'ar da ta taso daga aiki jarida, alhali mafi yawan masu wucewa ko kallonsu ba sa yi. Da yawa daga cikinsu baƙi ne 'yan ƙasashen waje da ɗalibai, aikin kuma na 'yan sa'o'i ne a rana. Gasar ta kai ga ƙaramar hukumar Westminster da ke tsakiyar Landan ta koka kan tarin takardun da ake zubarwa a tituna, ta nemi kamfanonin su ɗauki nauyin kwashewa. An yi ta muhawara kan sharar, amma ba a yi makamanciyarta kan masu tsayuwar ba, kuma a ganina wannan ya nuna inda hankalin hukuma da na kamfanonin yake.

Jaridun biyu sun rufe a 2009. A watan Oktoba na wannan shekarar ne wata jaridar maraice ta Landan, Evening Standard, wadda attajirin nan ɗan Rasha Alexander Lebedev ya saya, ta daina karɓar fani 50 da ake sayar da ita, ta koma kyauta, adadin da ake bugawa kullum ya tashi daga kusan 250,000 zuwa 600,000. Wannan adadi shi ne hajar da ake kai wa masu talla, kuma babban kasonsa yana tabbata ne a daidai lokacin da mai rabawa ya samu wanda ya karɓa daga hannunsa. Ke nan kuɗin shigar jaridar ya rataya a kan ƙwazonsa kamar yadda ya rataya a kan alƙalamin marubuci, sai dai sunan marubuci yana fitowa a shafi, shi kuwa ana lissafa shi cikin kuɗin sufuri da rarrabawa.

A watan Satumba na 2024 Evening Standard ta daina fitowa kullum ta koma ta mako-mako, bayan da intanet ta isa jiragen ƙarƙashin ƙasa, aiki daga gida kuma ya rage fasinjoji. Ba na ganin laifin kamfani idan ya bar sana'ar da ta daina biyan kanta. Abin da nake ƙalubalanta shi ne yadda labarin irin wannan rufewa kan tsaya a kan 'yan jaridar da za a sallama, a manta da waɗanda suka yi shekaru a ƙofar tasha guda har fasinjoji suka san fuskokinsu. Duk kamfanin da ya sayar wa masu talla adadin da waɗannan mutane suka tara masa, wajibi ne ya ba su sanarwa a kan lokaci da kuɗin sallama gwargwadon shekarun da suka yi, ko da ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su, kuma ƙungiyoyin 'yan jarida ne suka fi cancanta su sa wannan buƙata a teburin tattaunawa tare da tasu.