Gonar Lafleur da dokar hana ban ruwa

A ƙarshen watan Agustan 2025, ana dab da girbi, iyalin Guinaudeau masu gonar inabi ta Château Lafleur suka sanar cewa daga amfanin wannan shekarar sun daina sa sunan yankinsu na Pomerol ko na babban yankin Bordeaux a jikin kwalaben giyarsu, saboda sharuɗɗan yankin, irin na hana ban ruwa, sun ɗaure musu hannu a gaban zafi da fari. Gonar tana kudu maso yammacin Faransa, maƙwabciyar shahararriyar gonar inabi ta Pétrus, faɗinta kusan hekta 4.5 kacal, kuma tun 1872 ake nomanta. Jar giyar da take fitarwa na cikin mafi tsada a duniya, amma yanzu za ta shiga kasuwa da tambarin Vin de France, matakin da ya fi kowanne ƙasƙanci a tsarin ƙasar.

Giya ba abin shana ba ce, ba kuma tallarta ya kawo ni ba. Rigimar ta noma ce: wa ya fi sanin lokacin da shuka ke bukatar ruwa, mai gona ko hukuma?

A Faransa, sunan yanki a jikin kwalba alkawari ne mai sharuɗɗa. Hukumar INAO ta gwamnati, mai ba da sunayen yankuna, wadda asalinta ya koma 1935, ita ke kula da su, kuma Pomerol ta shiga tsarin a 1936. An fayyace irin inabin da za a shuka, yawan kurangar da za a dasa a hekta guda, iyakar amfanin da za a ɗiba, har da ruwa: daga 1 ga Mayu zuwa girbi ba a ban ruwa sai da izini na musamman. Manoman inabi na Hunkuyi a jihar Kaduna, waɗanda ban ruwa ne ke riƙe musu gona da rani, za su ce wannan wace irin doka ce.

Tana da dalilinta. Kurangar da ta ɗan ji ƙishi takan tura saiwa can ƙasa, ta ba da 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo. A jar giya kuwa ɓawon ne jari, domin tare da shi ake tsima ruwan inabin, daga gare shi launi da baurin ke fitowa kafin a zuba a gangar katako a ajiye. Wanda ya cika wa kuranga ruwa zai sami kaya da yawa, amma salam. Ga kuma tarihin ha'inci da ambaliyar giya mai arha a farkon ƙarni na 20, abin da ya kai manoman inabi na yankin Languedoc a kudancin Faransa ga bore a 1907. Waɗanda suka rubuta sharuɗɗan nan sun san abin da suke gudu.

Sai dai sun rubuta su ne da yanayin zamaninsu. Ɗan ƙishi daban, fari daban. Idan zafi ya yi tsanani ƙasa ta bushe, kuranga takan toshe ƙofofin ganyenta don ta tsira, nunar 'ya'ya ta tsaya cak. Waɗanda ke fuskantar rana su ƙone, su yamutse. Waɗanda suka kuɓuta sukarinsu ya yi sama da wuri, tsaminsu ya faɗi, kuma tunda sukari ne yisti ke mayarwa barasa, sai giyar ta fito da ƙarfi fiye da yadda aka san ta. Irin inabin Merlot, wanda shi ne ƙashin bayan Pomerol kuma kusan rabin gonar Lafleur, da wuri yake nuna, don haka nunarsa kan faɗa tsakiyar zafi. A 2022, shekarar da gobarar daji ta cinye dubban hektoci a lardin Gironde, inda Bordeaux take, dole aka ba yankunan Pomerol da Saint-Émilion da Pessac-Léognan izinin ban ruwa. Matsalar irin wannan izini ita ce sai ƙungiyar manoman yankin ta nema, hukuma ta duba, sannan a amsa. Kurangar da ke kan tsakuwa ba ta jiran sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ina bayan Lafleur.

Ba wai hukumar ta naɗe hannu ba ne. A 2021 ta amince wa Bordeaux da sabbin irin inabi 6 masu jure zafi, ciki har da Marselan da Touriga Nacional na Fotugal, amma ta ƙayyade kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona da kashi 10 cikin 100 na abin da ke kwalba. Kurangar da aka dasa bana sai ta yi shekaru kafin ta ba da abin kirki. Tafiyar ta yi hawainiya.

Masu kare dokar suna da hujja guda da ba a ture ta da hannu ɗaya: ruwan daga ina? Shayar da hekta 4.5 ba komai ba ne. Idan dukan Bordeaux, wadda a 2023 take da kimanin hekta 100,000 na inabi, ta ja bututu a watan Agusta, da masu masara da masu famfon gida za ta yi takara. Ga shi kuma yankin na fama da kwantai, har a 2023 aka fito da shirin biyan manoma Yuro 6,000 kan kowace hekta don su tumɓuke kurangarsu. Sakin ban ruwa sakaka a irin wannan hali ƙara kaya ne a kasuwar da ta riga ta cika.

Wannan hujja tana neman a gyara dokar ne, a daina auna ta da kwanan wata. A sa iyaka kan yawan ruwan da hekta za ta sha da inda za a ɗebo shi, a bar iyakar amfani yadda take don kada kowa ya yi ban ruwan neman yawa, sannan a bar wa mai gona zaɓin ranar. Haka batun tazarar dashe: kuranga kaɗan a hekta ba sa ƙwacen ruwa kamar masu yawa.

Abin da ke damuna da tafa wa Lafleur shi ne ficewa gata ce. Sunanta ya fi na Pomerol nauyi a wajen masu saye, don haka ba ta da asarar kirki. An taɓa ganin haka a Italiya: giyar Sassicaia ta yi shekaru ana sayar da ita a matakin giyar gama-gari saboda ta saɓa wa ƙa'ida, daga baya a 1994 doka ta bi ta ta ba ta suna na kanta. Amma manomin da ke sayar wa dillali a ganga, sunan Bordeaux ne kaɗai abin da yake da shi. In ya cire shi farashinsa ya faɗi, in ya riƙe shi ya zuba wa gonarsa ido tana ƙonewa. Duk babbar gonar da ta fice, murya ɗaya mai ƙarfi ta ragu a zauren da ake sauya sharuɗɗan, kuma shi wannan manomin ne za a bari a ciki yana cike takardar neman izini.