Shirin Hawan Shere da Zaman Sulhun da Ya Jawo

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta yanke shawarar cewa bana, maimakon walimar da muka saba yi a ci kaji a watse, za mu tafi Jos mu hau tsaunukan Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku. Wanda ya kawo shawarar tsohon soja ne, kuma tun muna makaranta ba a cin nasarar musu da shi, don haka kafin kowa ya buɗe baki a zauren WhatsApp har ya turo dokokinsa. Ya ce kowa ya nemi takalmi mai tauri da ya rufe idon sawu, da rigar sanyi, da tocila, sannan ya fara atisayen tafiya a ƙasa da jaka mai nauyi a baya, domin dutse ba ya duba furfurar kowa.

Takalmin na same shi wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, kuma soja ya ce a riƙa sa shi kullum har ya yi laushi, in ba haka ba ƙafa za ta yi bororo tun ba a yi nisa ba. Wanda ya ƙera takalmin nan bai yi shi don mai zuwa masallaci sau biyar a rana ba. Kafin in gama warware igiyarsa liman ya kai ruku'u, idan aka sallame kuma jama'a su yi ta tsallake ni a bakin ƙofa ina ta ɗaure-ɗaure.

Babbar matsalar ita ce a Kano magidanci mai mota ba ya tafiya a ƙasa da jaka a baya sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama na alheri. Na auni shinkafa kwano huɗu daga cikin ta gida na cika jakar, na fita bayan sallar asuba, amma ban kai titi ba masu adaidaita sahu suka fara rage gudu suna cewa, "Alhaji, tasha ce?" Wani maƙwabcina ya taka birki ya fito da sauri yana salati, ya tambaye ni ina motar. Na ce masa lafiyarta ƙalau, motsa jiki nake yi. Ya dubi jakar, ya dubi takalmin, sannan ya sassauta murya ya ce kowane bawa da irin jarrabawarsa, ya cusa mini kuɗi a aljihu ya ja motarsa. Ban bi shi na mayar ba, domin mayar da hannun kyauta ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Tunda garin shimfiɗe yake, duk mai neman hawa sai dai ya nufi Dala ko Gwauron Dutse. Wani abokinmu akawu ya lissafa mana cewa tsayin Dala mita 534 ne, saboda haka duk wanda ya hau shi sau huɗu ya riga ya wuce Shere. Soja ya tuna masa cewa wannan adadin daga doron teku aka ƙirga shi, kuma garin Kano kansa yana kusa da mita 500, wato ainihin abin da ƙafa take hawa bai kai mita 100 ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ita ma Jos tana sama da mita 1,200, don haka mota ce za ta yi mana mafi yawan aikin.

Duk da wannan ƙanƙantar da aka yi wa Dala, a tsakiyar matakalarsa ƙirjina ya koma zugazugin maƙera. Yaran unguwa da silifa suka wuce ni a guje, suka kai sama, suka sauko, suka same ni inda suka bar ni, har ɗayansu ya tsaya da ladabi ya ce, "Baba, a kama maka kayan?" A nan ne na ƙara ganin girman Barbushe, wanda aka ce yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, alhali ni shinkafa kwano huɗu ta durƙusar da ni a kan dutsen nasa.

Ashe duk wannan fita da nake yi labari ya zaga dangi cewa an ga mijin wance yana barin gida da jaka tun duku-duku, kuma hatsi yana raguwa a ɗakin ajiya. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga ƙanin surukina tare da gwaggon uwargida sun yi sallama, fuska ba walwala. Bayan doguwar gaisuwa dattijon ya ce su ba tonon asiri ya kawo su ba, amma zaman aure ɗan haƙuri ne, idan kuma kasuwa ce ta juya baya, in faɗa musu a rufa wa juna asiri. Uwargida, wadda ta san komai, ta sunkuyar da kai tana danne dariya, ba ta taimake ni da ko kalma ɗaya ba.

Na durƙusa na yi bayani dalla-dalla, har na ɗauko takalmin da tocilar a matsayin shaida. Dattijon ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "To, a can saman dutsen, me za a ba ku?" Na ce, "Babu komai, Baba, hoto za mu ɗauka mu sauko." Ya tambaya ko da kuɗinmu za mu je, na amsa masa da cewa har mun fara karo-karo. Ya daɗe bai ce uffan ba, daga bisani ya juya wajen gwaggo ya ce ashe ba sulhu ake buƙata a gidan nan ba, malami za a nema.

Washegari da hantsi aka aiko yaro da jarkar rubutu cike fal, tare da saƙon in sha safe da yamma. Uwargida ta juye shinkafarta ta mayar cikin buhu, ta saka jarkar a jakar, ta ce in ci gaba da atisaye, ai shi ma rubutun nauyi ne.