Wasan gaban jama'a ko aikin situdiyo? Maganata akan Made in Japan da Live and Dangerous

Jiya da daddare muka kusa ɓatawa da wani abokina akan maganar albam guda biyu, kuma har yanzu abin na cina shi yasa nace bari in rubuta kowa ya gani. Shi cewa yake duk albam ɗin da aka ce na wasan gaban jama'a ne amma aka tsinto waƙoƙinsa daga dare daban daban na rangadi to yaudara ce, wai in da gaske ake a ɗauki dare ɗaya a saka mana shi yadda yake. Nace masa malam tsaya, ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Tsintar waƙa mafi kyau daga dare uku daban, komawa situdiyo a sake kaɗa abin da aka kuskure a lulluɓe da tafin mutane shi ma daban.

Ni Made in Japan na Deep Purple, ƙungiyar kiɗan rock ta Ingila, a hannun kawuna na fara jinsa, kaset ne da ya kwafa tun yana makaranta, rubutun biro a jikinsa har ya dushe. Lokacin ban san me suke faɗa ba ko kalma ɗaya. Abin da na riƙe shine farkon Highway Star, yadda ogan ɗin Jon Lord ke taruwa a hankali ganguna na shigowa kaɗan kaɗan kamar mota na ɗumi kafin ta ɗau hanya, sannan sai kaji mutane sun ɗauki tafi. Kawu yakan ɗaga yatsa yace in yi shiru in saurara, kuma duk sanda aka zo wurin sai ya ƙara sauti.

Dare uku aka ɗauka, 15 da 16 ga Agusta 1972 a Osaka, sai 17 ga wata a zauren Budokan na Tokyo. Waƙa bakwai kacal a faifai biyu. Huɗu daga dare na biyu na Osaka, biyu daga Tokyo wato The Mule da Lazy, sai Smoke on the Water ita kaɗai daga daren farko, kuma ana cewa an zaɓe ta ne saboda a daren ne mai gitarsu Ritchie Blackmore ya kaɗa buɗewar ba tare da ya kuskure ba. To ka gani, zaɓe akayi. Amma duk abin da kunnenka yaji a faifan nan an kaɗa shi a dandamali a gaban mutanen da suka sayi tikiti, babu wanda ya koma ya gyara. Su kansu 'yan ƙungiyar da farko basu ma so ayi ba, kamfanin faifai na Japan ne ya nema don kasuwarsu ta can, suka ce to sai dai injiniyansu Martin Birch ya zo ya ɗauka. Da aka zo haɗa sauti biyu daga 'yan ƙungiyar, Roger Glover da Ian Paice, ne suka tsaya akai. Ya fito a Disamba 1972 kuma har yau in ana lissafin albam irin wannan da wuya a tsallake shi.

Kuma wallahi inda yafi kama ni shine Strange Kind of Woman, wurin da Blackmore zai kaɗa wani ɗan salo da gita Ian Gillan ya maida masa da murya, ya ƙara tsanantawa shi ma ya bi shi, suna ta ja har kaji muryar Gillan na neman tsagewa can sama. Wannan ba abin da ake shiryawa a ɗaki bane, kana ji ka san mutum biyu ne ke gwada juna a take, ɗaya na neman ya ƙure ɗaya. Space Truckin' kuwa kusan minti ashirin ta cinye gefe guda na faifai ita kaɗai, akwai wuraren da suka ja da yawa ma, ni kaina wani lokacin nakan ƙosa a tsakiya, amma haka daren ya kasance kuma haka nake so a bar min shi.

Wanda ya taso yana jin kaset ɗin makaɗanmu da aka ɗauka a filin biki ya san abin da nake nufi. Kaji guɗa ta tashi, kaji maroƙi ya kutso da kirari ya rufe muryar 'yan amshi, wani lokacin makirfo ya yi ƙara, kuma duk da haka in aka baka na situdiyo mai tsafta sai kaji kamar an cire gishiri a miya.

Sai kuma Live and Dangerous na Thin Lizzy, 'yan Dublin, wanda ya fito a 1978. Anan ne rigimar take. An ɗauko daga wasansu na Hammersmith Odeon a Landan a 1976, da na Filadelfiya da Toronto a 1977, kaga har tazarar shekara guda tsakanin wasu waƙoƙin. Furodusan Tony Visconti daga baya ya fito yace kaso mafi yawa, har kusan 75 cikin ɗari, a situdiyo aka sake yinsa, su kuma masu gita biyun Scott Gorham da Brian Robertson suka musanta, suka ce gyara ne kaɗan nan da can. Robertson ma hujjarsa itace da ƙarfin sautin da yake kaɗawa a dandamali gitarsa ta shiga duk makirfon dake wurin, ta yaya za a goge ta a sa wata. Kuma sanannen abu ne cewa Southbound a lokacin gwajin sauti aka ɗauke ta kafin mutane su shigo, daga baya aka ɗora ihun jama'a akai.

Wannan na Southbound shi ya tsaya min a rai. Ranar da na sani na koma na saka iyafis cikin dare an ɗauke wuta, na saurare ta sau uku, waƙar na nan da daɗinta muryar Phil Lynott na nan da taushinta, amma da tafin ƙarshe ya zo sai naji wani iri. Shekaru ina jin tafin nan ina ɗauka mutane ne da waƙar ta taɓa su a lokacin, ashe basu ji ta ba ma, wani abin daban suke yi wa tafi. Ba wai na daina son albam ɗin bane, Allah ya sani ina sonsa, yadda Cowboy Song ke zarcewa kai tsaye cikin The Boys Are Back in Town har yau tsigar jikina na tashi. Amma bazan ajiye shi layi ɗaya da Made in Japan ba, kuma duk mai cewa ai duk ɗaya ne tunda yayi daɗi, ban yarda dashi ba. In ka rubuta a bango cewa wasan gaban jama'a ne to alƙawari ka ɗauka da mai saye.

Abokina yace to ai zaɓen dare ma ɓoye kuskure ne, tunda an ɓoye mana daren da Blackmore ya kuskure. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ka tuna faifai a wancan lokacin gefe ɗaya bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba, dole ne a zaɓa, kuma mawaƙin dake rangadi wata da watanni ba kullum muryarsa ke zama daidai ba, yau mura gobe gajiyar hanya. In aka ɗauko min daren da yafi ƙoƙari ba a cuce ni ba, shi ɗin ne dai, da hannunsa da zufarsa. Kuma Deep Purple basu ɓoye sauran ba har abada, a 1993 an fitar da mafi yawan dararen uku a CD uku, a 2014 aka sake fitarwa a cike. Thin Lizzy ma a 2023 an saki wasannin da aka tsinto albam ɗin daga cikinsu, kuma da na saurari wasu daga ciki abin da ya ƙara min baƙin ciki shine mutanen nan sun iya wasa sosai, ba sa buƙatar wani ya yi musu kwalliya tun farko.

Na tura masa Child in Time ta daren 16 nace ya saurara shi kaɗai ba tare da yana latsa waya ba, minti goma sha biyu ne, ya kula da wurin da komai ya tsaya cak bayan gudun gitar kafin ogan ya dawo a hankali. Da safen nan ya turo min saƙo yace ya ji sau biyu amma har yanzu yana kan bakansa, kuma yana so in turo masa ta daren 15 da ta 17 ya gwada da kansa. Yanzu haka su nake nema masa.