Matasa sun cika filin taro, amma wa ke rubuta sunayen daliget?

Duk wanda ya ce matasan Arewa ba sa shiga siyasa, to bai taɓa tsayawa bakin titi ranar da ɗan takara zai shigo gari ba. Su ne a kan babura, su ne a saman motoci, su ne ke manna fosta da tsakar dare, su ne ke cacar baki a Facebook har asuba a kan mutumin da ko sunansu bai sani ba. Ranar zaɓe su ne wakilan akwati, su ke raka ƙuri'a har wurin tattara sakamako. In rigima ta ɓarke kuma, jininsu ne ke zuba. Shi ya sa kiran nan da ake ta nanatawa a tarukan otal, wai matasa su shigo siyasa, ba ya burge ni. Ai sun daɗe a ciki. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: a matsayin masu gida suke ciki, ko a matsayin 'yan aiki?

Yawa dai akwai shi. Kafin zaɓen 2023 hukumar INEC ta ce mutum miliyan 93.4 ne ke da rajista, miliyan 37 daga ciki 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kusan kashi 40 cikin 100. Amma waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin 100, kuma tun 1999 ba a taɓa ganin ƙarancin fitowa irin wannan ba. Bola Tinubu da ƙuri'a miliyan 8.79 ya ci. Ma'ana, matasan da ke cikin rajista sun ninka ƙuri'un da suka kai shi fadar shugaban ƙasa sau huɗu.

Doka ma ta ɗan sassauta. Ranar 31 ga Mayun 2018 marigayi Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takara, bayan fafutukar da ƙungiyoyi irin su YIAGA suka sha. Shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Gwamna da sanata aka bar su a 35. An yi murna, kuma murnar tana da dalili: a 2023 Rukayat Shittu ta shiga majalisar dokokin Kwara tana da shekara 26. Sai dai shekaru ba su ne babban katangar ba tun asali. A zaɓen fitar da gwani na 2022, jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2, tare da rangwamen rabi ga matasa. PDP ta sa nata na shugaban ƙasa miliyan 40. Rabin miliyan 10 miliyan 5 ne, kuma fom shi ne mafi arha a cikin hidimar. Wane ɗan shekara 27 ne ke da wannan kuɗi da guminsa? In ka duba 'yan ƙalilan ɗin da suka haye, da yawansu za ka tarar sunan mahaifi ko na maigida ne ya ɗauko su.

Amma ko kuɗin fom ba shi ne wurin da ake kayar da mu ba. A mazaɓa ake yi, a ɗakin da ba mai son zama cikinsa. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809. Kano kaɗai tana da 484. A kowace mazaɓa kowace babbar jam'iyya tana da shugaba, da sakatare, da ma'aji, da shugabar mata, da shugaban matasa. Daga nan ake fitar da daliget, wato wakilan jam'iyya, kuma a 2022 dokar zaɓe ta sa daliget ɗin da aka zaɓa ne kaɗai ke da ƙuri'a a zaɓen fitar da gwanin da ake yi ta hannun daliget. Su suka tsayar da waɗanda muka je muka dangwala wa. Ranar da muka yi layi cikin rana, an riga an gama rabin aikin tun wata tara baya.

To wa ke halartar taron mazaɓa? Je ka gani. Benci biyu ko uku a ƙofar wani shago da aka shafa wa fentin jam'iyya, dattawa shida ko bakwai da suka riƙe kujerun nan tun zamanin SDP da NRC, da wani "shugaban matasa" mai furfura wanda 'yarsa ta fari ta yi aure. Sunayen daliget kuwa sau da yawa a rubuce suke zuwa daga gidan jagora, a karanto, a ce an yi maslaha, a shafa fatiha. Yaron da ke da mabiya dubu hamsin a intanet ba ya wurin. Bai ma san ranar ba, kuma akasari ba shi da katin jam'iyyar da yake zagin mutane dominta.

Abin da ya maye gurbin wannan zama shi ne ƙungiyoyin kakar zaɓe. Kowa ya san su. Saura wata uku zaɓe sai ka ga an buga ƙyalle, "Ƙungiyar Matasa Masu Kishin Wane", an naɗa shugaba da mataimaka uku da ma'aji, alhali babu asusu. A ɗinka anko, a ɗauki hoto, a tafi gidan ɗan takara a zauna bakin get tun la'asar har bayan isha'i. Can sai yaronsa ya fito da ambulan. Kafin a kai bakin titi an fara faɗan kaso, washegari ƙungiya ta rabu biyu, kowane ɓari ya buga nasa ƙyallen. Wanda ya fi sa'a a cikinsu, bayan an ci zaɓe a ba shi takardar mataimaki na musamman da ba shi da ofis ba shi da tebur. A ƙasan waɗannan kuma akwai waɗanda ake bai wa ƙwaya da makami: 'yan jagaliya da 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe. Sunan ya bambanta, aikin ɗaya ne, kuma ban taɓa jin ɗan wani ɗan takara a cikinsu ba.

Da ba haka abin ya faro ba. Ranar 8 ga Agustan 1950 da aka kafa NEPU a Kano, Maitama Sule, ɗaya daga cikin matasan da suka taka rawa wajen kafa ta, bai cika shekara 21 ba. Malam Aminu Kano, wanda ya zama jagoranta, yana gab da cika 30. Gambo Sawaba tana da 17 ta shiga, aka yi ta ɗaure ta ba ta fasa ba, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Kuma siyasar ba daga sama ta faɗo musu ba. Tun a shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zaman muhawara a Bauchi, Shehu Shagari da abokansa suna da tasu ƙungiyar matasa a Sakkwato. Jam'iyyar Mutanen Arewa kanta ƙungiyar al'adu ce kafin ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. Ƙungiya ce ta haifi jam'iyya. Teloli da 'yan koli da malaman makaranta da kuɗinsu suke sayen katin NEPU, su sha bulala da ɗauri a kotunan En'e saboda shi. Wanda ya sa kuɗinsa a abu yana da bakin tambaya. Yau an juya lissafin: jam'iyya ce ke biyan ɗan jam'iyya, don haka ba ya tambaya.

Shi ya sa nake ganin makarantar siyasa ta gaskiya ita ce ƙungiyar unguwa, irin wadda ake rainawa. Wadda ke karɓar kuɗin mako, ko da naira 200 ce, ta rubuta a littafi, ma'aji ya tashi ƙarshen wata ya karanto abin da ya shigo da abin da ya fita, wani ya ɗaga hannu ya ce lissafin bai cika ba. Wadda ke fitowa aikin gayya ta yashe kwata kafin damina, ta gyara famfon burtsatse, ta tsara 'yan sintiri, ta haɗa wa marayu kuɗin jarrabawa. A nan ake koyon abin da ba a koya a waya: yadda ake jagorantar taron da mutane suka fusata, yadda ake faɗuwa zaɓe a haƙura a dawo taro na gaba, yadda ake rubuta takarda a kai wa kansila a kuma koma a tambayi amsa. 'Yan mata da matan aure masu ƙuruciya sun fi mu iya wannan, in za mu faɗi gaskiya. Adashinsu da asusun Islamiyyarsu ba sa ɓata lissafi, amma in za a yi taron unguwa sai a sa shi bayan isha'i a ƙofar masallaci, inda aka san ba za su zo ba.

Kuma irin wannan aiki yana motsa gwamnati. Daga 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara da ake haƙar zinare. An share wasu garuruwan, Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ta yi ta jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal wanda a lokacin bai wuce shekara 25 ba, suka ɗauki maganar a 2012 suka yi ta bibiya, tare da matsin lambar likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da wasu ƙungiyoyi, har gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar aka fara yi wa yara magani. Babu wanda ya ci zaɓe a cikinsu. Sun dai san abu ɗaya da suke nema, sun san ofishin da yake, suka ƙi gajiya.

Kwatanta wannan da zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. Yunwar gaskiya ce, fushin ma na gaskiya ne. Amma a Kano da Kaduna da wasu garuruwan, babu shugabanci da aka sani, babu wanda zai ce a tsaya a tsaya. Aka fasa wurare, aka rasa rayuka, aka sa dokar hana fita, wasu suka ɗaga tutar Rasha, kuma a watan Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana suna sumewa a kotun Abuja kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Taron da ba shi da ƙungiya a bayansa kamar ruwan sama ne a kan kwano: ƙara ta cika gari, ƙasa ba ta sha ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zancen banza ba ne. Za a ce wanda bai ci abincin rana ba, ta ina zai biya kuɗin ƙungiya? Za a ce ko ka je taron mazaɓa, gwamna ne ke da jam'iyya, sunan da ya so shi za a aika Abuja. Za a ce zaɓen ƙananan hukumomi wasan yara ne, tunda kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke lashe kujeru kaf. A Kano a 2024 NNPP ta kwashe 44 ɗin duka, kamar yadda APC ta yi a zamaninta. Duk haka ne. Sai dai maigida yana rubuta sunaye cikin sauƙi ne saboda babu kowa a ɗakin. Mazaɓar da matasa ɗari biyu masu kati suka zauna a cikinta shekara biyu kafin zaɓe, suna da asusunsu, unguwa ta san aikinsu, ko bai ba su duka ba dole ya zauna da su, domin ya san su ne za su tsare masa akwati ko su juya masa baya. Batun talauci kuwa, mu duba kuɗin da muke zubawa a data da gidan kallon ƙwallo kowane mako kafin mu rantse cewa babu.

Ban kuma ce ƙuruciya kanta takardar shaidar kirki ba ce. Mun ga masu shekara arba'in da suka hau kujera suka fi dattawan haɗama. Wanda bai taɓa riƙe asusun mutum talatin ya ba da lissafi ba, ban ga dalilin da zai sa a miƙa masa na ƙaramar hukuma don kawai gemunsa baƙi ne ba.

Yanzu ma akwai sabon dalilin komawa ƙasa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomin riƙo ba. Gwamnoni suna ta jan ƙafa, amma hukuncin yana nan. In kuɗin suka fara sauka yadda aka ce, kujerar kansila da ta ciyaman za su yi nauyin da ba su taɓa yi ba, kuma masu wayo sun riga sun fara tura 'ya'yansu da yaransu can. Akwai kuma kujerun da ba sa buƙatar fom ko sisi: kwamitin kula da makarantar firamare da ake kira SBMC, da kwamitin ci-gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa ma'aikatar tarayya ya nemi takardun aikin da aka ce an yi a garinsu, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa. Ƙungiyar da ke da sakataren da ya iya rubuta wasiƙa ta isa ta fara da aikin mazaɓa guda da ɗan majalisarta ya ce ya kammala.