Jarumin da hannunsa ba shi da tsabta

Wasu na ƙorafin cewa finafinai suna koya wa mutane son mugaye. Ni kuwa ina ganin fim ɗin da jaruminsa mai laifi ne, in bai sa ka damu da mutumin ba, asarar lokaci kawai aka yi maka.

Bos ba ya bukatar zuciyarka. Ka tsane shi, a gama da shi a ƙarshe, kowa ya kama gabansa. Amma wanda aka ɗora wa labarin gaba ɗaya alhali yana kisa ko sayar da ƙwaya, da shi za ka zauna awa biyu, ko shekaru in fim mai dogon zango ne. Wa zai jure zama da wanda bai dame shi ba?

Ɗauki Walter White, jarumin Breaking Bad, fim mai dogon zango na Amurka da aka nuna daga 2008 zuwa 2013. Malamin kimiyyar sinadarai ne a sakandare, albashi ba ya isa har yana haɗawa da aiki a wurin wankin mota, matarsa na da ciki, sai ga sankarar huhu. Da ya fara haɗa ƙwaya, mu da kanmu muka nema masa uzuri: ai don iyalinsa ne. To amma tun a zangon farko tsohon abokinsa mai kuɗi ya yi tayin biyan kuɗin maganinsa, ya ƙi. Girman kai ne tsagwaronsa, mun gani da idonmu, muka kau da kai saboda mun riga mun shiga jirginsa. Ranar da ya tsaya yana kallon wata yarinya tana mutuwa bai ɗaga yatsa ba, abin da ya sa cikinmu ya ɗuri ruwa shi ne mun san mu ne muke ta fatan kada a kama shi. Da tun farko mun tsane shi, da cewa kawai za mu yi mugu ya yi halinsa.

Masu tace fim a Amurka sun san ƙarfin wannan abu. Dokar Hays ta tace finafinan Hollywood, wadda aka tsananta daga 1934 har aka yi watsi da ita a 1968, ta hana a karkatar da tausayin mai kallo zuwa ɓangaren masu laifi. Tsoronsu ba na banza ba ne, don har yau akwai masu ɗaukar irin su Walter a matsayin gwaraza, suna zagin matarsa wai ta cika takura masa. Abin dariya, abin takaici.

Wanda ke ba ni haushi shi ne malalacin marubuci. Ya nuna maka an zalunci jarumi yana yaro, shi ke nan, duk ta'asar da ya tafka daga baya an wanke shi. Wannan roƙon tausayi ne. Gwanin marubuci yakan sa ka so mutumin, sannan ya ƙi ɓoye maka fuskar waɗanda ya cuta, ya bar ka ka rasa ɓangaren da za ka tsaya har fim ya ƙare.